Buhunan Takin Alhaji Kolo

A zamanin Dagaci Mudassir, wanda ya gaji mahaifinsa a sarautar Ɗorawa Uku, a ƙarshen bazarar da ta biyo shekarar da ruwan sama ya ɗauke alhali gero yana tsakiyar bununi, Allah Ya karɓi ran Alhaji Kolo mai hatsi. Ɗorawa Uku ƙauye ne tsakanin Makoda da Ɗanbatta, inda gona ke jingine da gona, kowa ya san yawan damin da maƙwabcinsa ya ɗaure. Alhaji Kolo Babarbare ne ta wajen kakansa, wanda fatauci ya kawo shi ƙasar Kano ya zauna. Shagonsa na ƙasa ne mai rufin kwano a bakin hanyar mota, yana sayar da gero da dawa da iri da takin zamani. Ba shi da allon suna, ba shi da yawan magana, amma tun da ya buɗe shagon ba a taɓa jin wani ya yi gogayya da shi ya kai labari ba.

Ya bar 'ya'ya maza biyu. Babban, Abdulrashid, direban bas ne tsakanin Ɗanbatta da Kano, mutum mai zafin rai da gaskiya a baki. Ƙaramin, Kamaruddeen, ya yi difloma kan harkar kasuwanci a birni, ya dawo gida mahaifinsu na kwance. A daidai wannan lokaci wani kamfani ya buɗe katafaren kantin hatsi a Ɗanbatta, wanda mutane suka laƙaba wa suna Mai Gilashi saboda ƙofofinsa. Hatsinsa tsaftatacce ne, a ɗinke cikin buhu, kuma ya fi na kowa sauƙi. Ba a gama share makoki ba sai ga manzon kamfanin ya iso da sallama, yana neman a sayar musu da shagon marigayi su mai da shi reshe.

Nan gidan ya rabu biyu. Abdulrashid ya ce a sayar tun shagon yana da daraja. Kamaruddeen ya ce sai dai bayan ransa. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, aka kai shi zauren Dagaci, da liman da dattawa a zaune.

Dagaci ya saurari kowa, sannan ya ce, “Kamaruddeen, na ba ka daminar nan. Idan gero ya shigo gida za mu sake zama. In shago ya tsaya da ƙafarsa, naka ne, a fitar wa yayanka rabonsa a gona. In bai tsaya ba, a sayar, kuma kada in ji bakinka.”

“Na karɓa, ranka ya daɗe.”

To, a nan zan yi wa yaron adalci, don masu ba da labari sun cika yi masa dariya. Tunaninsa daidai ne. Ya ce wa gwaggonsa Yakaka, ƙanwar marigayi, wadda ke zaune a gidan tun mutuwar mijinta, “Gwaggo, ba za mu iya da Mai Gilashi a farashi ba. Amma su ba su san kowa ba, mu kuwa mun san kowa. Da sanayya za mu yaƙe su.” Wallahi ko marigayin da kansa ba zai faɗi abin da ya fi wannan ba.

Ya shiga shiri. Ya shafe shago da farar ƙasa, ya kafa dogon benci a ƙofa, ya ajiye butar shayi don duk wanda ya zo. Ya haddace sunan kowane magidanci da na 'ya'yansa. Ya sayo babur na kai kaya har gida. Ya je Kano ya sa aka buga masa sababbin buhuna farare, da jan rubutu manya-manya: KOLO DA 'YA'YA, HATSI MAI KYAU. A ƙuryar shagon ya tarar da tarin tsofaffin buhunan takin zamani, wankakku, a ninke kamar kayan lefe. Ya kwashe su ya kyautar wa wani mai gawayi.

Yakaka ta ga ana fita da su, ta riƙe haɓa. “Kai, Kamalu, buhunan babanka ne fa.”

“Me yake yi da su, Gwaggo?”

“Oho. Ni dai nake wanke masa su da toka da sabulu duk bazara, in shanya, in ninke. Ban taɓa tambaya ba, shi ma bai taɓa faɗa ba.”

Ya yi dariya ya ce tsofaffi ba sa iya zubar da komai. Ita ma ta yi dariya, ta koma ɗaki.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman fari. Iri da taki suka fita kamar yadda aka saba. Sai damina ta yi nisa, aka shiga lokacin da tsohon hatsi ke ƙarewa sabo bai nuna ba, kuma kowa ya san bara ba ta yi kyau ba. Wannan ne lokacin cinikin mai hatsi, shi ne lokacin da Kamaruddeen yake jira. Mutane kuwa suka zo. Magidanci zai zo ya zauna a benci, ya gaisa, ya sake gaisawa, ya tambayi ruwa, ya yi wa marigayi addu'a, ya dubi bango. Kamaruddeen zai zuba masa shayi, ya kira shi da sunansa, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan cikin fara'a, da murya a sake yadda na ƙarshen benci zai ji, ya ce, “Malam, gero za a auna ko dawa? Tiya nawa?”

Sai mutumin ya zabura. “A'a, a'a, gaisuwa kawai na shigo.” Ya shanye shayinsa da zafinsa ya tafi.

Haka aka yi ta yi. Benci cike, shayi na ƙarewa, buhunan hatsi na jibge ba wanda ya taɓa. Yara da mata masu sayen kwano ɗaya na tuwon ranar ne kaɗai ke kawo ciniki. Kamaruddeen ya ce ko tsada ce, ya rage farashi har ya kusa cin uwar kuɗi. Shiru. Ya ce ko hatsin ne, ya sa aka sheƙe shi aka tsince tsakuwa. Shiru. Ya ƙara sukari a shayi, ya ƙara fara'a har kumatunsa na ciwo. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne ba wanda ya yi fushi da shi. Kowa na yaba shi, kowa na cewa ɗan Alhaji ya iya karɓar mutane, kuma ba mai saye.

Cikin masu zuwa akwai Sarkin Noma Khalilu, dattijon da aka naɗa tun zamanin tsohon Dagaci saboda shekarar da ya ɗaure damin da ba a taɓa gani ba a ƙasar. Rumbunansa huɗu ana hango su daga hanya. Ya zo ya zauna ya tafi, ya sake dawowa ya zauna ya tafi. Kamaruddeen ba wawa ba ne. Ya lura da yadda idon tsohon ke komawa kan buhunan gero, ya lura rigarsa ta yi masa yawa. Ya gane mutumin nan hatsi yake so, kuma ya gane daidai. Sai ya yanke shawarar yi masa abin da Mai Gilashi ba zai taɓa yi ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, dattawan unguwa na zaune a ƙofar gidan Sarkin Noma kamar yadda suka saba, sai ga ƙarar babur. Kamaruddeen ya sauka, ya durƙusa ya gaishe su, ya sauke farin buhu mai jan rubutu a gaban tabarma.

“Baba, na ga ka yi ta zuwa. Na ce ba girmanka ba ne ka ɗauki kaya. Ga gero nan na kawo maka har gida.”

 Sarkin Noma ya dubi buhun, ya dubi rumbunansa, ya dubi yaron.

“Wa ya aiko ka?”

“Ba kowa, Baba. Ni na ga ya dace.”

“Ɗan nan, rumbunana a cike suke. Ɗauke kayanka. Allah Ya jiƙan mahaifinka.”

Kamaruddeen ya ɗora buhun ya koma, bai san laifin da ya yi ba. Daga ranar benci ya bushe. Mutane suka riƙa tsallaka hanya su bi ta wancan gefen, suna ɗaga masa hannu daga nesa. Yakaka ta ce baki ne, ta karɓo rubutu aka yayyafa a ƙofa. Wasu suka ce Abdulrashid ne ke zuga mutane. Kamaruddeen ya yarda da haka, ya tare yayansa a tasha ya faɗa masa maganar da ƙane ba ya faɗa wa wa. Abdulrashid ya rantse da Allah bai yi ba, kuma gaskiya ya faɗa. Shi ma abin ya ba shi mamaki, don bai zaci shagon zai mutu da wuri haka ba.

Da abin ya ishe shi, Kamaruddeen ya tafi Ɗanbatta ranar kasuwa don ya ga sirrin abokan gabarsa da idonsa. Ya shiga Mai Gilashi ya tsaya a gefe. Ya zaci zai tarar da wata irin karɓar baƙi da ta fi tasa. Ina! Samari ne cikin riga iri ɗaya, ba sa gaida kowa, ba sa duban fuskar kowa. Ka nuna buhu, ka biya, a turo maka, na bayanka ya matso. A cikin layin nan kuwa ya ga mutanen Ɗorawa Uku, waɗanda suka sha shayinsa, kowanne ya karkatar da hula yana yi kamar bai ga ɗan'uwansa ba.

Ya fito kansa na juyawa. Mutane sun bar wanda ya san sunan jikokinsu, sun biya kuɗin mota sun zo wurin wanda bai san daga wace duniya suka fito ba. Duk abin da ya karanta da duk abin da ya yi imani da shi ya kife. Ya rasa inda zai sa kansa, ya bi ta bayan tasha don kada ya haɗu da kowa.

A nan, bayan wata rumfar masu faci, ya hango Sarkin Noma Khalilu a tsugune. Tsohon ya farke bakin buhun Mai Gilashi, yana juye geron a cikin wani tsohon buhun takin zamani da ya zo da shi a hammata. Gero na zuba a ƙasa, yana tsincewa yana waiwaye. Da ya gama ya ɗaure bakin, ya cusa farin buhun a ƙarƙashin tarin tayoyi.

Kamaruddeen ya tsaya kamar an dasa shi. Manomi ya ɗauki buhun taki ya ratsa gari da damina, abin alfahari ne, alamar gonarsa na da mai ita. Manomi ya ɗauki buhun gero, ya shelanta wa duniya rumbunsa ya ƙare, bai iya ciyar da gidansa ba, kuma gobe in ya je neman wa ɗansa aure za a tuna. Abin da mahaifinsa ya yi shekara da shekaru yana yi ke nan da buhunan da ya kyautar wa mai gawayi. Shi kuma ya ɗauki asirin Sarkin Noma ya rubuta da jan fenti ya ajiye a gaban dattawa ranar Juma'a. Kunya ta rufe shi har ya ji kamar ƙasa ta tsage.

Tsohon ya ɗago, idanunsu suka kusa haɗuwa. Kamaruddeen ya juya baya da sauri, ya shiga taya rake a wurin wani mai tire, ya yi ta ciniki kan sanda ɗaya kamar ransa ya dogara a kanta, har sai da ya ji tashin babur ɗin da ya ɗauki tsohon.

Washegari ya je wurin mai gawayi, ya tarar buhunan sun zama baƙi ƙirin. Ya bi gonaki yana karɓar buhunan da aka gama zuba takinsu, ya kai wa Yakaka.

“Gwaggo, a taimaka a wanke.”

“Au, yanzu kuma? Me za ka yi da su?”

“Abin da Baba yake yi.”

“To me yake yi?”

Ya ci gaba da ware buhunan. Ta dube shi ta ce, “Ikon Allah. Ka fara zama shi.” Ta ɗauko toka.

Ya kwashe fararen buhunan ya kai soro. Ya mai da benci ƙarƙashin dalbejiyar da ke can gefe, inda mai zama ba ya ganin cikin shago. Ya jera buhunan taki na gaskiya a bakin ƙofa, a bayansu kuma waɗansu da ba a bambanta su da ido. Ya daina tambayar kowa komai.

An ɗan jima kafin Sarkin Noma ya biyo ta hanyar. Ya zo wucewa ne, ya rage tafiya, ya yi sallama daga waje. Kamaruddeen ya fito ya durƙusa, ya tambayi gona, ya tambayi ruwa. Sannan ya ce a hankali, idonsa a ƙasa, “Baba, akwai wani buhu a ciki, na biyu daga bango. In an ga dama.” Tsohon ya leƙa ciki. Ya shiga, ya taɓa buhun da tafin hannu, ya daɗe a tsaye. Da ya fito ya miƙa hannu suka yi musafaha, abin da ke cikin tafinsa ya koma tafin yaron ba tare da an duba ba.

Yadda labarin ya bazu, ni ban sani ba, kuma duk wanda na tambaya ya ce shi ma bai sani ba, don ba wanda ya faɗa wa wani. Abin da aka gani kawai shi ne magidanta sun koma bi ta ƙofar shagon, ɗaya-ɗaya, kowa ya fito da buhun taki a bayan keke. Mata suka riƙa tsegumi a bakin rijiya cewa bana mazan Ɗorawa Uku sun haukace, gero ya fid da kai suna ta zuba masa taki.

Gero ya shigo gida, aka koma zauren Dagaci. Zauren ya cika har waje. Abdulrashid ya miƙe ya yi magana, kuma maganarsa mai ƙarfi ce. Ya ce ya leƙa shago ya ga hatsi ya ƙare, ya kuma ga kuɗin da aka ce an samu. Amma shi kullum yana wucewa ta hanyar nan da mota, bai taɓa ganin mutum ɗaya ya fito da buhun gero ba, ya tambayi gari kowa ya ce bai saya ba. Saboda haka ƙanensa ya kwashe hatsin ne ya karyar wa 'yan sari a ɓoye don ya rufe idon fada.

“Ranka ya daɗe, in yana da masu saye, ya faɗi sunansu. Ko uku ne. Ga gari nan a zaune.”

Liman ya ce magana ce ta hankali. Dagaci ya juya a hankali ya dubi Kamaruddeen. “Ka ji abin da yayanka ya ce.”

Kamaruddeen ya ɗaga kai ya dubi zauren. Ga Sarkin Noma a dama, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ga na kusa da shi, ga na bayansa, ga ladan, ga mai unguwa. Duk inda ya kai ido sai ya ga buhun da ya ɗaure da hannunsa. Ga kuma Dagaci Mudassir da kansa a kan buzu, wanda ya tsaya a shagon wata ranar Laraba da sunan duba kwalbatin hanya, aka sa masa buhu biyu a bayan mota. Wannan ba tonon asiri nake yi ba, Dagacin ne ya faɗa da bakinsa bayan shekaru, da ya tsufa ya daina jin kunyar irin wannan.

Suna uku kawai ake nema, shago ya zama nasa. 

“Ranka ya daɗe, ba ni da sunan da zan faɗa.”

“Ka san in ba ka kawo hujja ba shagon ubanka zai tafi?”

“Na sani, ranka ya daɗe.”

“Ko mutum ɗaya ba ka tuna ba?”

“Ban tuna kowa ba.”

Hawaye ya zubo masa, bai share ba. Sarkin Noma ya dafa ƙasa zai miƙe, Dagaci ya ɗaga masa hannu ya koma ya zauna. 

Sannan Dagaci ya ce, “Shago ya tsaya. Na Kamaruddeen ne. Liman, a fitar wa Abdulrashid rabonsa a gonar fadama, kada a tauye shi ko taƙi ɗaya.”

Abdulrashid ya miƙe tsaye, ya manta a fada yake. “A kan wace hujja, ranka ya daɗe?”

“A kan wadda ka ji yanzu.”

“Ni ban ji ya ce komai ba!”

“To, ita ce.”

Dattawa suka amsa da “Allah Ya ja zamani” da ƙarfin da ba a saba ji ba, aka shafa fatiha aka watse. Liman da kansa ya fito yana tambayar na kusa da shi me ya faru, don shi Allah Ya rufa masa asiri a shekarar, rumbunsa bai ƙare ba.

Abin da aka riƙe na labarin ke nan. Mai Gilashi yana nan a Ɗanbatta, ya ma ƙara girma, kuma ba a ce ya cuci kowa ba. Shagon Kamaruddeen ma yana nan, bai ƙara ko taku ɗaya ba, bai kuma rufe ba. Na daɗe ina juya al'amarin nan a raina. Na ga mai dukiya yana mallakar kasuwa, na ga mai sarauta yana mallakar hukunci, amma a ranar nan duk zauren, har da mai rawani, a tafin hannun yaro ɗaya suke, kuma ya zaɓi ya rasa gadon ubansa da ya buɗe tafin. Allah ne Ya ƙaddara wanda zai yanke hukuncin yana cikin waɗanda aka rufa wa asiri. Da wani ne a kan buzun, da labarin ya ƙare daban, kuma da yaron bai yi kuskure ba duk da haka.

Abdulrashid ya karɓi gonarsa, ya yi shekara biyu ba ya shiga harkar ƙanensa, daga baya suka shirya. Amma bai taɓa gane abin da aka yi masa ba, kuma ba wanda ya ga ya kamata ya ganar da shi. Har yanzu in hira ta biyo ta kan shagon a tasha, sai ya tafa hannu ya ce, “Ni fa, wallahi, har yau ban ga mutum ɗaya ya sayi gero a wurin yaron nan ba.” Mutanen Ɗorawa Uku da ke zaune a motarsa sai su ce gaskiya ne, su ma ba su taɓa gani ba.